Gawayin Sharar Gona da Gubar da ke Bin Ruwa

 

Zan fara da lissafi, domin shi zai nuna mana girman abin da ya tara mu. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce ruwan sha kada ya ɗauki fiye da maikurogiram 0.1 na kowane maganin ƙwari ko na ciyawa a lita ɗaya, idan kuma aka tattara dukkan magungunan da ke ciki kada su haura 0.5. Maikurogiram shi ne a raba giram ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya. Ke nan giram ɗaya tak na gundarin magani ya isa ya kai ruwa lita miliyan 10 bakin iyakar 0.1 ɗin nan, wato jarka mai lita 25 har guda 400,000. Turawa sun tsananta ne don rigakafi. Amurka ta yarda da maikurogiram 3 na maganin ciyawa atirazin a lita. Ko da ma'aunin wa muka ɗauka, ragowar da ke kwance a gindin injin feshi guda, da ɗigon da ya maƙale a robar magani guda, ba abin rainawa ba ne.

Feshi kuwa ya zauna mana. Kuɗin 'yan ƙwadago ya sa maganin ciyawa ya karɓi aikin fartanya a gonaki da yawa. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, a shekarar kuma tsutsar masara mai cin zuciyar shuka ta ɓulla a Afirka ta Yamma. Wanda ya ga gonarsa ta ƙone cikin mako ba ya jiran a ba shi shawara kafin ya ƙara feshi, ni kuma ba na ganin laifinsa. Amma sakamakon yana biyo mu. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya saboda dikulobos, sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. Dattawan da ke nan sun san zamanin da ake zuba Gammalin 20 a tafki don kifi ya taso. Lindan da ke cikinsa ya shiga jerin gubar da Yarjejeniyar Sitokholm ta hana a 2009. A 2023 hukumar NAFDAC ta sanar da jadawalin janye parakwat da atirazin da kulofirifos daga kasuwa. Hana magani abu ne mai kyau, sai dai duk wanda aka hana wani ne ke maye gurbinsa, shi ma kuma za a wanke injin bayan an fesa shi.

Hanya biyu magani ke bi ya isa ruwa. Ta farko ita ce wadda ruwan sama ko na ban-ruwa ke kwaso shi daga faɗin gona gaba ɗaya. Wannan ba ta taruwa da gawayi, maganinta a rage feshi, a kiyaye lokaci, a bar ciyawa a gefen magudana. Ta biyu ita ce inda guba ke fita a dunƙule daga wuri guda: wurin haɗa magani, wurin wanke injin feshi da kayan jiki, shagon da ake ɗura magani daga babbar jarka zuwa ƙananan robobi, wurin wanke kayan lambu, da dagwalon masana'antar da ke haɗa maganin. Binciken da aka yi a wasu yankunan Turai ya nuna irin waɗannan wurare na iya kawo fiye da rabin maganin da ake tararwa a rafuka. Duk wanda ya taɓa bin gefen kwalbati a Kadawa ko Kura ko Bakolori da yamma ya san inda mai feshi ke nufa idan ya sauke injin daga bayansa. Ruwan da ya fi kusa da shi zai je, wanda kuma shi ne dabbobi ke sha a ƙasa kaɗan, yara ke wanka a ciki.

Maganata ta yau a kan wannan hanya ta biyu take. Guba tana da arha a kama ta tun tana cikin durom ɗaya. Idan ta shiga kogi, sai gwamnati mai kuɗi.

Suwizalan ta koyi wannan da tsada. Ranar 1 ga Nuwamba 1986 gobara ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Sandoz kusa da birnin Basel. Ruwan da aka kashe wutar da shi ya kwashi tan-tan na magungunan ƙwari ya zuba a kogin Rayin. Kogin ya yi ja, kifaye suka mutu har cikin Jamus, garuruwa suka rufe wuraren jan ruwansu har Holan. Shekara talatin bayan haka, a 2016, ƙasar ta kafa dokar da ta wajabta wa manyan matatun ƙazantaccen ruwa kusan 100 su ƙara matakin cire irin waɗannan sinadarai da kashi 80 cikin 100. Hanya biyu suka fi dogara da su: iskar ozon da sarrafaffen gawayi.

Me ya sa sai an ƙara mataki? Domin tacewar da muka sani ba don wannan aka tsara ta ba. Alif yana kwantar da laka. Yashi yana tare datti. Kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta. Atirazin kuwa narkakke ne, ba laka ba ne, ba kuma mai rai ba ne, don haka yawancinsa yana ratsa duka ukun ya fito a famfo. Wasu magungunan ma, irin kulofirifos, idan suka haɗu da kulorin sukan rikiɗe zuwa wani abu da ya fi su dafi. Tafasa ruwa ba ta fitar da mafi yawansu. Ruwa zai yi garau a kofi, ba wari ba launi, alhali da saura.

To, mu zo kan gawayi. Tun 1773 masani Carl Scheele ya lura gawayi yana kama iskar gas, ba da jimawa ba aka gano yana cire launi daga ruwa, masu yin sukari suka rungume shi. A 1900 da 1901 Raphael von Ostrejko ya yi rajistar hanyoyin sarrafa shi da har yau ake bi, a 1915 kuma Nikolay Zelinsky na Rasha ya sa shi a takunkumin da ya kare sojoji daga iska mai guba. Abin da ya bambanta shi da gawayin mai shayi shi ne ƙofofi. Giram ɗaya na mai kyau yana da fili a cikinsa da ya kai murabba'in mita 1,000, wani ma ya wuce. Giram 10 ke nan hekta guda. Ku ɗauki ƙwayar gawayin kamar tsohon birni: akwai manyan tituna, akwai lunguna, akwai ɗakuna can ƙurya. Manyan ƙofofi, masu faɗin fiye da nanomita 50, hanyar shiga ce kawai. Matsakaita su kai baƙo ciki. A ƙananan, waɗanda ba su kai nanomita 2 ba, nan ƙwayar magani ke shiga ta manne da bango ta kasa fita. Ba narkewa take yi ba, ba mutuwa take yi ba, mannewa take yi. Ina roƙon a riƙe wannan, domin shi ne zai ba mu aiki a ƙarshe.

Gawayin girki ma yana da ƙofofi, sai dai kwalta da sauran hayaƙi sun toshe yawancinsu. Sarrafawa ita ce buɗe su, kuma hanya biyu ce.

A ta farko, a busar da ɓawo ko ƙwallo, a gasa shi a rufe ba tare da iska ta shiga ba a zafin digiri 400 zuwa 700, ya zama gawayi. A nan abin da ya rage bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin farko ba. Sannan a ɗaga zafi zuwa digiri 800 ko 900 a busa masa tururin ruwa. Tururin yana cin jikin gawayin a hankali yana rarake shi, yakan kuma cinye rabi ko fiye. Wannan hanya ba ta bar wani sinadari a baya, amma tana son tanda mai riƙe wuta sosai.

A ta biyu, a jiƙa ɗanyen kayan da sinadari kafin a gasa. Asid ɗin fosforik ya fi shahara, domin da shi digiri 450 zuwa 500 ya wadatar, gawayin da ake samu kuma ya fi yawa. Akwai zinki kulorayid, wanda ake gudunsa a ruwan sha saboda ragowar zinki. Akwai fotasiyam haidiroksayid mai ba da ƙofofi masu ban mamaki, mai tsada, mai cin ƙarfen tanda. A kowane hali sai an wanke gawayin an sake wankewa, ruwan wankin nan kuwa shi ma dagwalo ne. Wanda ya tsabtace durom ɗaya ya ɓata uku da asid bai yi aikin komai ba. Abin da nake so ɗalibanmu su duba da gaske shi ne ruwan toka, wanda iyayenmu mata ke tatsa don yin sabulu. Gishirin da ke cikinsa, fotasiyam kabonet, sananne ne wajen buɗe ƙofofin gawayi a zafin da ya kusa digiri 800, ba ya kuma buƙatar a sayo shi da dala.

Da me za mu yi? Gawayin da ake shigo mana da shi daga kwal ake yin sa, ko itace, ko ɓawon kwakwa. Siri Lanka da Indiya da Filifin da Indunusiya sun mai da ɓawon kwakwa sana'ar fitarwa. Kamfanin Haycarb na Siri Lanka tun 1973 yake wannan aiki. Sirrin ɓawon kwakwa tauri ne da ƙarancin toka. Maƙeranmu sun riga mu sanin wannan ƙa'ida, shi ya sa ba sa haɗa gawayin ƙirya da na kowace bishiya. Mu kuwa ba ma son a sare ƙirya ɗaya saboda wannan aiki. Muna da masu tauri da ake zubarwa: ƙwallon goruba, da na giginya, da na dabino, da ƙoƙon ƙwallon aduwa bayan an fasa an cire ƙwayar. Irin waɗannan su ke ba da gawayi mai tsakuwa-tsakuwa da ba ya dagargajewa idan ruwa na bi ta cikinsa. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa da tuƙar rake suna ba da mai laushi, wanda ya fi dacewa a niƙa shi gari a barbaɗa a ruwa, a gauraya, a bar shi ya kwanta.

Buntun shinkafa yana da nasa hali. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera buntu ne, duk wanda ya wuce bayan injinan casa a Kano ko Kebbi ya ga tudunsa. Amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na buntun toka ce, tokar kuma silika ce, sinadarin yashi, wanda ba ya kama maganin ƙwari. Sai an narkar da silikar da soda mai ƙarfi kafin a sami gawayi na kirki. Idan an yi hakan yakan yi kyau ƙwarai, domin gurbin da silikar ta bari shi ma ƙofa ne.

A nan ina da jan hankali. Ba duk abin da takardun bincike ke kira sharar gona ne shara ba a wurinmu. Kara abincin shanu ne, da shi ake darni. Harawa kuɗi ce. Buntu da ɓawon gyaɗa masu kaji na shimfiɗa su, masu turara shinkafa na hura wuta da su. Wanda ya rubuta cewa kayan aikinsa kyauta ne, ranar da ya je da mota zai ji farashi.

Sai tambayar da aka fi tsallakewa: wane magani? Ƙa'idar ita ce, wanda ba ya son ruwa shi ya fi son gawayi. DDT da lindan da kulofirifos kusan ba sa narkewa, gawayi na cafke su da sauƙi. Atirazin, mai narkewa kimanin miligiram 33 a lita, shi ma yana kamuwa sosai, kuma saboda shi ne matatun ruwa da dama a yankunan masara na Amurka ke zuba garin gawayi a lokacin shuka. Maganin 2,4-D ya fi kamuwa idan ruwan yana da ɗan tsami. Amma gilayifoset, wanda ke cikin Roundup da ire-irensa, wanda kuma da wuya a shiga shagon magani a rasa shi, yana narkewa fiye da giram 10 a lita, kuma gawayi zalla bai iya riƙe shi da kyau ba. Shi tsatsar ƙarfe yake so, shi ya sa ake shafa wa gawayin sinadarin ƙarfe, shi ya sa kuma jar marmararmu ta cancanci a gwada ta a matsayin shimfiɗa ta musamman. Parakwat yumɓu ne ke ɗaure shi tamau. Dikulobos da danginsa kuwa suna wargajewa da sauri a ruwan da aka sa wa farar ƙasa. Duk mai cewa gawayinsa na cire kowane irin magani, a tambaye shi da wanne ya gwada.

Yanzu ina magana da 'yan uwana masu bincike, kuma da ƙauna nake yi. Mun iya gwajin kwalba. A auna tsantsar magani a zuba a tataccen ruwa, a sa garin gawayi, a girgiza, a auna, a zana layin Langmuir da na Freundlich, a rubuta cewa an cire kashi casa'in da wani abu. Aikin daidai ne, amma matakin farko ne. Ruwan da ke fita daga injin feshi ba tatacce ba ne. Maganin kasuwa yana zuwa da mai da sinadaran kumfa, su ne ke sa ruwa ya yi fari kamar madara idan an haɗa, kuma duk suna rububin ƙofofin nan. Ga laka, ga ruɓaɓɓen ganye, ga taki, ga magani biyu ko uku da manomi ya cakuɗa a tanki ɗaya. Gawayin da ya yi bajinta a kwalba yana iya rasa mafi yawan ƙarfinsa a nan.

Kaso cikin ɗari ma yana ruɗi. Idan ruwa na ɗauke da miligiram 50 a lita aka cire kashi 99, saura rabin miligiram, wato maikurogiram 500, ninki 5,000 na iyakar Turai. Na'urar haske da yawancin ɗakunan gwajinmu ke da ita ba ta gani can ƙasa, sai an je ga na'urar kuromatogirafi. Don haka abin da nake so in gani a kundin ɗalibi shi ne lambar aidin ta gawayinsa, wadda a na kasuwa mai kyau takan kai 900 zuwa sama. Nawa ya samu daga kilo ɗaya na ɗanyen kaya. Itace ko lantarki nawa tanda ta ci. Sannan ya cika bututu da gawayin, ya bi da ruwan wankin injin feshi na gaske, ya gaya mana lita nawa suka wuce kafin guba ta fara ɓullowa ta ƙasa. Ya kuma jera shi da gawayin kanti a gwaji ɗaya. Wannan adadi na lita shi kaɗai ne manomi zai iya aiki da shi.

Yadda nake hango abin a ƙauye ba shi da wuya. Ƙungiyar manoma ta yi daɓen siminti nesa da kwalbati da rijiya, mai gangara zuwa rami ɗaya, kowa a nan zai haɗa magani ya wanke inji. Kafin nan, robar magani a ɗauraye ta sau uku a juye a tanki a fesa a gona, kamar yadda hukumar FAO ke koyarwa, sannan a huda ta don kada ta koma gidan wani ta zama ta zuba mai ko nono. Ruwan da ya taru a sa masa alif ya kwana. Na sama ya bi ta durom na yashi, sannan durom biyu na gawayi a jere, a hankali, yadda zai ɗauki minti 15 zuwa 20 yana ratsawa. Idan na farko ya ƙoshi a cire shi, na biyu ya dawo gaba, sabo ya shiga baya. Mu ƙaddara durom mai lita 200 yana ɗauke da miligiram 50 a kowace lita, giram 10 ke nan na guba. Idan kowane giram na gawayinmu ya riƙe miligiram 20 kacal, rabin kilo ya ishe shi. Ruwan da ya fito ba na sha ba ne, a mai da shi wanke inji ko haɗa wani feshin. A Suwidin tun 1993 manoma ke amfani da rami mai cakuɗen tattaka da ƙasa da ruɓaɓɓen ciyayi, inda ƙwayoyin halitta ke cinye maganin sannu a hankali. Haɗa wannan da gawayi abu ne da zafin ƙasarmu zai iya taimaka masa, ya kamata a gwada.

Saura abin da na ce a riƙe. Gawayin da ya ƙoshi, duk gubar da aka cire tana jikinsa, a tattare fiye da yadda take a ruwa. Kuma baƙi ne kamar kowane gawayi. Tsorona shi ne ranar da za a zubar da shi a bola, wata baiwar Allah ta tsinta ta hura wuta ta ɗora tukunya, ko yaro ya goge haƙori da shi. Ƙona magani mai kulorin a ƙaramar wuta yana haifar da dayoksin, wanda ya fi asalin maganin sharri. Binne shi kusa da rijiya kuwa mayar da hannun agogo baya ne.

Hanyoyin da aka sani biyu ne. Ko a mai da shi tanda a zafin digiri 800 zuwa sama da tururi, tare da ƙone hayaƙin da ke fita, gawayin ya farfaɗo ya koma aiki, ana asarar kashi 5 zuwa 10 a kowane zagaye. Ko a ƙone shi ƙurmus a wutar da ta haura digiri 1,100. Tandar siminti tana kai digiri 1,450, kuma ƙasashe da dama da ita suke hallaka tsofaffin magungunan ƙwari. Muna da irinta a Sakkwato da Ashaka da Obajana, akwai a Malbaza ta Nijar. Wannan magana ce da hukumar NESREA da NAFDAC da kamfanonin za su zauna a kanta, da sharuɗɗa da sa ido kan hayaƙi.

Kafin a kai can, dole a san wanda zai tattara. Shawarata ita ce gawayin ya zo a cikin rufaffiyar roba mai jan fenti da alamar haɗari, wadda manomi ba ya buɗewa. Dillalin da ya sayar da magani shi zai karɓi tsohuwa ya ba da sabuwa, motar da ta kawo masa kaya ta koma da su. Kuɗin wannan zirga-zirga a ɗora shi a kan kamfanonin da ke shigo da maganin, gwargwadon litar da kowanne ya sayar. Duk ƙungiyar da ke son fara gwaji a damina mai zuwa, ta fara samun wannan yarjejeniya da dillalinta a rubuce kafin ta zuba daɓe.